Tarwada na mutuwa a tanki, salak ya yi rawaya: ina matsalar take?

Maman Fadila, Garwa
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da hantsi. Masu kiwon kifi haɗe da lambu a gida, don Allah ku kawo mini ɗauki. An haɗa mini irin tsarin nan a bayan ɗaki: farin tankin roba mai kejin ƙarfe, lita 1,000, sai duro biyu da aka tsaga a tsaye suka zama kwami huɗu, aka cika su da tsakuwa, na dasa salak da tumatir. Famfo yana ɗaga ruwan tanki zuwa tsakuwar, ya tace ya dawo. Na zuba 'ya'yan tarwada 120, tsawon ɗan yatsa. Da farko lafiya lau suke ci. Yanzu kullum da asuba sai na tsinci biyu ko uku sun mutu, sauran sun tsaya a tsaye cikin ruwa kai sama, ba sa kula abinci. Ruwan ya yi kore yana ɗan wari. Sabon ganyen salak kuma rawaya yake fitowa. Maƙwabciyata ta ce in fasa kafso ja da rawaya in zuba. Na sayo, amma hannuna ya ƙi. Me kuka gani?

Sarkin Yawa, Kusseri
Wa alaikumus salam. Hajiya zuba abinki, me kike jira? Duk masu tarwada a nan haka suke yi, kafso da ɗan gishiri, gobe ki gan su suna tsalle. Kuma 120 ai wasa ne, ni 300 nake sawa a irin tankin nan.

Anti Nas, Marwa
Don girman Allah kada ki zuba, 'yar'uwa. Ba ki san abin da ke damun kifin ba tukuna. Kuma ruwan da za ki zuba wa maganin shi salak ɗinki yake sha, salak kuwa ɗanye yaranki za su ci. Mu a asibiti muna ganin mutanen da wannan kafson ya daina yi musu aiki, saboda mai ciwon kai ya haɗiya, kaji a ba su, shanu a ba su. Yanzu kuma har kifi?

Malamin Gona, Marwa
Hajiya sannu da ƙoƙari. Kafin a yi maganar magani, amsa mini waɗannan. Tsakanin ranar da kika cika ruwa da ranar da kika zuba kifi, kwana nawa ne? Ruwan na pampo ne ko na foraj, wato rijiyar burtsatse? Tsakuwar daga ina? Sau nawa kike ba su abinci, kuma yana ragewa a ƙasa? Akwai injin hura iska? Famfon yana kwana yana aiki?

Maman Fadila, Garwa
Malam, ranar da aka gama haɗawa da safe, da yamma aka kawo kifin. Ruwan foraj ne na maƙwabta. Tsakuwar fara ce tas, wani magini ya sayar mini ragowar aikinsa, ya ce daga wajen Figil aka kawo. Abinci sau uku, kuma ina zubawa sosai don su yi saurin girma. Injin iska babu. Famfo kuwa sai yadda kuran, wato wutar lantarki, ya so, wani lokaci tun isha'i ake ɗaukewa sai hantsi.

Goggo Mai Ɗanwake, Garwa
'Yata ki jiƙa kanwa ki tace ki zuba, tana kashe warin ruwa.

Malamin Gona, Marwa
Goggo a yi mini afuwa, kanwa a nan ita za ta ƙarasa su. Bari in yi bayani, zai ɗan yi tsawo.

Hajiya, kifinki ba cuta ce ta kama su ba, gubar jikinsu ce take komawa kansu. Kifi yana fitar da ammoniya, mafi yawa ta wurin da yake numfashi a gefen kai, saura daga kashi da abincin da ya ruɓe a ƙasa. A tafki ruwa yana da yawa, tana bajewa. A tanki ba ta da wurin zuwa. Shuka kuma ba ita ce take fara kwashe ta ba, kamar yadda mutane suke zato. Akwai ƙwayoyin bakteriya da suke zama a jikin tsakuwa, kashi na farko su juya ammoniya ta zama nitrit, wanda shi ma guba ne, kashi na biyu su juya nitrit ya zama nitrat. Nitrat shi ne takin da saiwa take sha, kifi kuma yana jure shi. Waɗannan ƙwayoyin ba a rana ɗaya suke taruwa ba, sukan ɗauki sati 4 zuwa 6, a zafinmu na nan wani lokaci ƙasa da haka. Ke kuma kin zuba baki 120 a tsakuwar da ba kowa a cikinta. Mako na biyu zuwa na uku shi ne daidai lokacin da ammoniya take kaiwa ƙololuwa, nitrit kuma ya fara hawa. Nitrit idan ya shiga jinin kifi yana hana shi ɗaukar iska, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Shi ya sa kike ganin su a tsaye suna haki.

Sai maganar tsakuwa. Yankin Figil dutsen farar ƙasa ne, shi ya sa ma ake yin siminti a can. Ɗauki 'yan ƙwayoyi ki matsa musu lemon tsami ko binigar. Idan suka yi kumfa, to dutsen yana narkewa a ruwanki yana ɗaga pH, wato ma'aunin tsamin ruwa (ƙasa da 7 tsami, sama da 7 irin na kanwa), zuwa 8 ko sama. Abin da ake so tsakanin 6 da 7 ne. A ruwa mai zafin digiri 30, ɓangaren ammoniya mai kisa a pH 8 ya ninka na pH 7 kusan sau goma. Kuma a irin wannan ruwan shuka ba ta iya shan sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Salak ɗinki ke nan. Kanwa kuwa ƙara ɗaga pH take yi, ga sodiyom da zai taru a ruwan ya dami shuka.

Kafso shi ma aikinsa kashe bakteriya ne. 'Yan ƙwayoyin da suka fara kama tsakuwarki su zai fara shafewa, ki koma farko.

Goggo Mai Ɗanwake, Garwa
To ɗana, na ji. Mu kanwa ce maganin komai a madafi.

Maman Fadila, Garwa
Innalillahi. Malam na matsa lemon, wallahi har ƙara yake yi, ssss. Yanzu me zan yi a yau?

Malamin Gona, Marwa
Yau ki daina ba su abinci gaba ɗaya, kwana biyu ko uku, yunwa ba za ta kashe su ba. Ki zuƙe dattin ƙasan tanki da tiyo. Ki zubar da kashi ɗaya cikin uku na ruwan ki ƙara sabo, gobe ki maimaita. Idan na pampo za ki ƙara, ya kwana biyu a buɗe tukuna don kulorin ya fita. Ki narkar da gishirin girki rabin kilo zuwa kilo ɗaya a bokiti ki zuba a lita 1,000 ɗin, yana tare nitrit daga shiga jini. Kada ki wuce haka saboda salak. A nan kaɗai na yarda da Sarkin Yawa. Ki naɗe tankin da zana ko tsohon buhu, hasken da ke ratsa farar robar shi ke haifar da koren nan. Sannan ki nemi kayan gwajin ruwa na ammoniya da nitrit da pH, ko 'yar takardar nan da ake tsomawa ta canza launi. Duka biyun farko a ƙasa da miligiram 1 a lita ake so, sifili ya fi.

Tsakuwar kuma dole ta fita. Ki nemi tsakuwar rafi ko baƙin dutse ko fasasshen jan bulo, ki wanke sosai, ki canza kwami ɗaya-ɗaya. Idan kin san mai irin tsarin nan da ya daɗe yana aiki kuma kifinsa lafiya, roƙi bokiti ɗaya na tsakuwarsa a jiƙe ki cakuɗa da taki, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara.

Amma babbar maganar, kifin sun yi yawa. Ki rage.

Sarkin Yawa, Kusseri
A nan ne zan rabu da kai, Malam. Wane irin yawa? Tarwada fa muke magana, ba karfasa ba. Kifin da ake ɗaukowa daga Logon a buhu ya yini a kasuwa yana motsi. Nawa 300 ne kuma ga su nan ƙato-ƙato. Ku masu takarda kullum sai ku tsorata mutane. Idan ta rage zuwa 20 me za ta samu? Kuɗin famfo ma ba zai fita ba.

Hajiya ta Farsha, Njamena
Ƙanina, gaya mana gaskiya, sau nawa kake canza ruwa, kuma ina kake zubar da shi?

Sarkin Yawa, Kusseri
Yaya, kullum ko bayan kwana ɗaya. Kwata yake bi mana, ina kuma zai je?

Hajiya ta Farsha, Njamena
To ka gani. Kai kiwon tanki kake yi, kana wanke gubar da sabon ruwa, kuma kana gefen kogi. Ita ruwa ɗaya take juyawa, ruwan ma na maƙwabta ne. Ba sana'a ɗaya kuke yi ba. Kuma na tabbata maƙwabtanka sun san kana kiwon tarwada ko ba ka gaya musu ba, hanci ya isar musu.

Malamin Gona, Marwa
Hajiya ta gama magana, lissafi kawai zan ƙara. A wannan tsarin ba girman tanki ke yanke yawan kifi ba, faɗin lambun ne. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fitar da jagora a kan ƙaramin tsari irin wannan a 2014, kuma ma'aunin da ta bayar shi ne giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a rana ga kowace murabba'in mita ta ganye, giram 50 zuwa 80 idan masu 'ya'ya ne irin tumatir. Kwami huɗu na rabin duro duka-duka wajen murabba'in mita 2 ne. Ke nan giram 100 zuwa 150 a rana. Kifin da ya tasa yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa. Ka ga lambun Maman Fadila zai ɗauki kilo 10 na kifi, kifi 20 masu rabin kilo. Ko da ta ƙara kwami, jagorar ba ta son a wuce kilo 20 a lita 1,000. Su 120 ɗin nan idan kowanne ya kai rabin kilo, kilo 60 ke nan.

Batun riba kuma, Sarkin Yawa yana da gaskiya ta wani gefe. Tanki ɗaya ba zai sa ka auri ta biyu ba. Abin da yake bayarwa shi ne ganyen miya kullum da kifin da ka san abin da ya ci. Nauyin ganyen da za a tsinka a shekara ya fi na kifin nesa ba kusa ba.

Baffa Mai Koma, Lagdo
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni baki nake bayarwa. Na zo Lagdo ina saurayi, bayan 'yan Sin sun gama madatsa a 1982, lokacin da ruwa ya cinye gonaki kifi ya yi yawa har ana rasa mai saye. Tun daga nan ban yi wata sana'a ba. Abin da zan gaya wa 'yata ta Garwa shi ne, tarwada ba ta mutuwa da wasa. Na sha tono ta a taɓo da rani, ruwa ya janye, tana nan da ranta. Tana da abin shaƙar iska a cikin kai, shi ya sa take leƙowa sama ta haɗiya ta koma. Duk ruwan da ya kashe tarwada, to ruwan ya ɓaci ƙwarai. Kada ki nemi laifi a jikin kifin.

Kuma ki lura da asuba kike tsintar su. Mu ma a tafki, a lungun da ruwa ya yi kore ba ya motsi, da asuba kifi yake tasowa yana buɗe baki. Da rana ta ɗaga sai su koma. Ban san sunansa a boko ba amma na san lokacinsa.

Abu na uku, ki raba su. Tarwada tana cin 'yar'uwarta. A cikin ɗari za ki ga biyar sun fi saura girma, to waɗannan su ne za su rage miki yawan da Malam yake faɗa, ba sai kin wahala ba. Kuma ki rufe tankin da raga, ranar da aka yi ruwan sama za ki tarar da su a tsakar gida suna tafiya.

Ni dai har yanzu ban yarda kifin roba zai yi daɗin na Binuwai ba. Amma da idona na ga yadda kamu ya ja baya a nan, da yadda ake sa raga mai ƙananan ido ana kwashe 'ya'ya. Don haka ba zan hana kowa kiwo ba.

Malamin Gona, Marwa
Allah ya ƙara girma, Baffa. Abin asubar nan iskar oksijin ce. Koren ruwa da rana yana samar da ita, da dare yana shanye ta, sai ta ƙare gab da fitowar rana. Ga shi ruwan zafi ba ya riƙe ta da yawa: a digiri 20 wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 wajen 7 da rabi. Ana son kada ta sauka ƙasa da 5. Inda tarwada take ruɗin mutane shi ne, ita za ta leƙo ta shaƙa, amma bakteriyar tsakuwa da saiwar shuka ba su da wannan dabarar. Famfo ya tsaya dare guda, kifi yana raye, ka ɗauka lafiya, alhali masu tace maka ruwa sun galabaita.

Hajiya ta Farsha, Njamena
Shi ya sa ni ban dogara da kuran ba ko kaɗan. Pano na rana da batir da ƙaramin famfo mai bolt 12, sai ɗan injin iska da dutsensa biyu a ƙasan tanki. Idan batir ya yi rauni famfo nake kashewa in bar iska. Wanda bai da kuɗin wannan, gara ya jinkirta sayen kifin.

Ni karfasa nake kiwo kuma ita nake ba mata shawara. Ruwanta bai kai na tarwada ƙazanta ba, abincinta bai kai tsada ba don furotin kashi 28 zuwa 32 ya ishe ta, tarwada kuwa tana son 35 zuwa sama. Tana cin ganyen zogale, tana cin ragowar salak. Matsalarta ɗaya, haihuwa. Idan kika haɗa maza da mata, macen tana ɗaukar ƙwai a baki fiye da mako ba ta cin abinci, ba ta girma, kuma kafin ki farga tanki ya cika da 'yan ƙanana. Maza zalla ake so. Cikin wata 6 zuwa 8 suna kai rabin kilo idan ruwa da abinci sun yi kyau.

Zafin Afrilu da Mayu a Njamena kun san shi, sama da 40 a inuwa. Tankina rabinsa a cikin ƙasa yake, sama rumfar zana. Kwamin shuka suna samun ranar safe kawai. Kuma a bazara ba na wahalar da kaina da salak, tsiri yake yi ya yi ɗaci. Alayyafo da yakuwa da lalo da kuɓewa da ɗoɗɗoya nake sawa, salak sai sanyi ya shigo. Ruwa yana raguwa kullum, ina cikawa da yamma kaɗan-kaɗan, ba a tashi ɗaya ba.

Sarkin Yawa, Kusseri
Yaya, karfasarki batir ya mutu dare ɗaya kin yi asara duka. Tawa ko a kwano na bar ta za ta kwana. Kuma maganar tsadar abinci, ni hanjin kaji nake karɓowa wajen masu fige, wani lokaci har kajin da suka mutu a gona, in babbaka in jefa. Kyauta. Girma kuwa ba a magana.

Anti Nas, Marwa
Subhanallahi. Kajin da ba ka san abin da ya kashe su ba? Kuma kana sayar wa mutane? Wanda zai haɗa da lambu kada ya kuskura. Hanjin kaza da kashinta suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, ruwan kuma shi ke bi ta gindin ganyen da ake ci ɗanye. Ko kaji masu rai a hana su hawa kwami, haka ƙadangaru. Ganye a tsinka daga sama, kada ya taɓa ruwan tanki, a wanke da ruwa mai tsabta. Mai rauni a hannu kada ya tsoma, kuma ƙayar tarwada idan ta soke ka ka wanke da sabulu nan take.

Tunda na fara, sauro. Tankin kifi ba ya tara shi, ruwan yana motsi kuma kifin yana cinye tsutsar. Inda yake haihuwa shi ne bokitin da aka ajiye ruwa ya kwana da ƙaramin tankin da ruwa ke taruwa a ƙasa. A rufe su da tsohon gidan sauro wanda aka wanke, kada a sa sabo mai magani ya taɓa ruwan, maganin jikinsa yana kashe kifi. Murfi kuma ya zama mai nauyi saboda yara masu rarrafe.

Ɗalibi, Garwa
Allah gafarta Malam na Zaure idan yana kusa. Ni abin da ya tsaya mini, ganyen da ya sha ruwan kashin kifi, da ruwan in ya fantsamar wa mutum a riga, ya hukuncinsu?

Malam na Zaure, Garwa
Ina nan ina karantawa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, sai fa idan najasa take ci. Kifi halal ne, don haka ruwan tankin Hajiya ba ya ɓata riga, ganyen kuma ba komai. Hanjin kazar da aka yanka shi ma ba najasa ba ne, maganarsa ta likitoci ce. Amma mushe najasa ne. Kifin da ake ciyarwa da shi malamanmu ba su haramta namansa ba, sai dai abin da yake fitarwa ya zama najasa. Sannan akwai haƙƙin mai saye, wanda da ya sani ba zai saya ba. Wallahu a'alam.

Sarkin Yawa, Kusseri
Na ji, Malam. Mushen zan bari. Hanji kam sai an kawo mini mai arha da ya fi shi.

Malamin Gona, Marwa
Akwai. Tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kiwo da ɓawon kayan miya da dusa, gara, shinge idan damina ta faɗi. Fara ma, in ka tabbata ba daga gonar da aka yi feshi ba. Waɗannan ƙari ne a kan abincin buhu mai yawo a saman ruwa, wanda amfaninsa kana ganin abin da suka ci. Abin da ya rage bayan rabin awa a kwashe, gobe a rage hannu.

Masu haɗa nasu a gida, abu biyu. Tunkuzar gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kada ta shiga, akwai gubar aflatoksin mai lalata hanta, ta kifi da ta mutum. Tunkuzar gurya kuma, da take ko'ina a ƙasar audugar nan tamu, tana da wani sinadari mai guba, gosifol, shanu suna jure shi amma kifi kaɗan yake ɗauka. Kada ta zama ita ce gindin abincin.

Tunda an zo kan auduga: maganin feshinta ko kusa da tsarin nan kada ya zo, ko bokitin da aka taɓa dama shi. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe tanki. Ko ruwan darbejiya da muke ɗauka ba komai, a fesa da yamma a kan ganye kawai, a rufe tsakuwa. Kuma kowa ya binciki abin da tankinsa ya ɗauko kafin ya zo hannunsa. Wanda aka zubo man girki ko kayan abinci a ciki shi ake nema. Wanda ya ɗauko sinadarin da ba ka sani ba, roba tana shan sa, wanki ba ya fitarwa.

Maman Fadila, Garwa
'Yan'uwa Allah ya saka da alheri. Na bi abin da aka ce. Mutuwar ta tsaya, sun koma ƙasa suna yawo, da na ɗan yafa abinci sun taso. Na raba wa ƙanwata da wani mai kududdufi, na bar 25. Kwami biyu an canza da tsakuwar rafi. Tankin na tambaya, man gyaɗa ya ɗauko. Takardar gwaji ta nuna nitrit yana nan da saura, don haka sau ɗaya nake ba su. Salak ne dai har yanzu rawaya. Wani ya ce in jefa tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa.

Malamin Gona, Marwa
Madalla. Ƙusa ba za ta yi wani abin kirki ba, tsatsa ba ta narkewa yadda saiwa za ta sha, kuma idan mai rufin zinc ce guba ce ga kifi, haka jan ƙarfe. Ki tambayi masu sayar da kayan lambu garin ƙarfe na shuka, wanda ake kira fer kelate, miligiram 2 na ƙarfe a kowace lita. Amma ki fara gama fitar da farar tsakuwar. Ruwan foraj na yankinmu sau da yawa shi ma pH ɗinsa a sama yake, idan damina ta zo ki tari ruwan sama ki riƙa gaurayawa, ki bar na farko ya wanke rufi ya wuce. Bayan wasu watanni za ki ga pH yana sauka da kansa, aikin bakteriyar ne yake kawo tsami. Ranar da ya kusa 6, sai ki daka ɓawon ƙwai ki ƙulle a tsumma ki rataya a ruwan.

Ɗan Baladaji, Ngaundere
Ku kuna kukan zafi, mu sanyi ne. Muna kan tudu sama da mita 1,000, a Disamba da Janairu da asuba ruwa har cizon hannu yake. Karfasa za ta yi a nan?

Hajiya ta Farsha, Njamena
Za ta yi amma za ta yi nawa. Tsakanin digiri 27 da 30 take so. Ƙasa da 20 cin abincinta yana raguwa sosai, wajen 11 zuwa 12 mutuwa take. Mu ma da hunturu a nan sai na rage abinci, in rufe tankin da leda da dare, in kashe famfon lambu bayan isha'i don tsakuwa ce take sanyaya ruwan, iska kawai nake bari. Kai ka zuba 'ya'ya a Maris, ka cinye kafin Disamba. Salak da kabeji kuwa ka fi mu duka.

Baffa Mai Koma, Lagdo
Jikana ya ce wani ya aiko yana son in kama masa 'ya'yan giwan ruwa ya sa a tanki. Ɗana, giwan ruwa kifi take ci, mai rai, kuma tana son ruwa mai faɗi. Ka bar ta a tafki, ka zo Garwa ka ci gasasshe. 'Ya'yan karfasa na tafki ma ban ba ku shawara ba, iri-iri ne a gauraye, wata ba ta wuce tafin hannu, wasu kuma da ƙwari a jiki. Ku saya wajen masu ƙyanƙyasa, ku ajiye su daban ku ga lafiyarsu kafin ku haɗa da na gida.

Hajiya ta Farsha, Njamena
Baffa, maganar daɗi da kuka yi ɗazu ban manta ba. Warin taɓon da ake ji a kifin kiwo daga koren ruwa yake, yana shiga kitsen kifin. Wanda zan yanka sai in ware shi a baho da ruwa mai tsabta da iska, ba abinci, kwana 3 zuwa 5, ina canza ruwan. Cikinsa ya wofinta, warin ya fita. Ranar da kuka shigo Njamena zan soya muku biyu, ɗaya na Shari ɗaya na bayan ɗakina, ku nuna mini wanne ne wanne.

Baffa Mai Koma, Lagdo
'Yata, tun daga ƙofar gida zan gane. Amma ki soya ɗin.

Ɗan Baladaji, Ngaundere
Hajiya, maza zallan nan, idan mai ƙyanƙyasa ya ba ni a gauraye, ya zan bambance?

Hajiya ta Farsha, Njamena
Ka bari su kai giram 30 zuwa 50. Jiƙa hannunka, ka kifar da shi ciki sama, ka duba bayan dubura akwai ɗan tsiro. Na namiji siriri ne mai tsini da huda ɗaya a ƙarshe. Na mace ya fi faɗi, kuma akwai tsaga a kwance a tsakiyarsa, nan ƙwai ke fitowa. Idan ido bai gani ba ka ɗiga ɗan shuɗin magani a wurin, tsagar za ta fito. Ka yi da sassafe kafin ka ba su abinci, kuma kada ka riƙe shi a waje ya daɗe. Matan ka soya su tun suna ƙanana.